Kyautar Malcolm Bowie da ire-irenta: wa ke da hurumin shiga, wace irin maƙala ke ci?

Auwalu: Assalamu alaikum malamaina. Ana ta yaɗa sanarwar kyautar Malcolm Bowie, an ce ta maƙalar da ta fi fice ce a nazarin Faransanci. Tambayata biyu ce. Shin sai wanda ya buga a mujallar French Studies ake ba wa? Sannan mai koyarwa a Kano ko Yamai yana da hurumin shiga, ko ta 'yan Birtaniya ce su kaɗai?

Dakta Nafisa: Wa alaikumus salam, Auwalu. Da yawa suna haɗa mujallar da kyautar kamar abu ɗaya ne. Uwarsu ce ɗaya: ƙungiyar Society for French Studies, mai mujallar French Studies da ke fitowa sau huɗu a shekara tun 1947. An fara ba da kyautar a 2008, shekara guda bayan rasuwar Malcolm Bowie, wanda ya taɓa zama editan mujallar, ya riƙe kujerar Marshal Foch ta adabin Faransanci a Oxford, daga baya ya shugabanci Christ's College a Cambridge. Fam 1000 ne, haɗe da kuɗin zuwa taron ƙungiyar na shekara.

Ba dole ba ne maƙalar ta fito a mujallar tasu, ko ma a Birtaniya. Ko'ina aka buga ta a duniya tana shiga, muddin da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta ta, kuma a shekarar da ta gabata ta fito. Marubucin ya zama sabon hannu, wato bai wuce shekara 5 da samun digiri na uku ba lokacin da maƙalar ta fito, kuma yana da alaƙa da sashen Faransanci ko na harsunan zamani, ko dai can ya yi digirin ko can yake aiki. Saboda haka malamin Jami'ar Bayero ta Kano ko na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ba a rufe masa ƙofa ba.

Farfesa Garba: A ƙara da wannan don kada yara su ɓata lokaci a inda ba a gayyace su ba. Kyautar littafi ta R. Gapper, ita ma ta wannan ƙungiya ce, amma ta masu aiki a manyan makarantun Birtaniya da Ireland ce. Ta William Koren Jr. ta ƙungiyar Society for French Historical Studies ce, ta maƙalar tarihi, kuma ta malaman Amurka da Kanada ce. Ta Scaglione da ƙungiyar MLA ta malaman harsunan zamani a Amurka ke bayarwa ta littafi ce, ba maƙala ba. Kowace da katangarta. A fara karanta sakin layin “wa ya cancanta” kafin a duba yawan kuɗin.

Malam Kabiru: Allah ya gafarta Farfesa, ni dai ina ganin kallon kitse muke yi wa rogo. A takarda ƙofa a buɗe take. A aikace alƙalan nan malaman jami'o'in Birtaniya ne, mujallun da suka sani suke girmamawa, marubutan da suka sani suke karantawa. Maƙalar da ta fito a mujallar wata tsangaya a Zariya ko Maiduguri, ko shafin intanet ba ta da shi, ta ina za ta kara da wadda ta fito a French Studies ko Paragraph?

Dakta Nafisa: Rabin maganarka gaskiya ce, Malam Kabiru, amma ba ta fuskar da ka ɗauke ta ba. Ba sunan mujallar alƙali ke ba wa maki ba. Abin da babbar mujalla ke yi wa maƙala kafin ta fito shi ne bambancin. Masu tantancewa biyu sun karanta ba su san mai ita ba, sun rubuto shafi biyu ko uku na suka, an gyara, an mayar, wani lokaci an sake zagaye na biyu, sannan mai gyaran rubutu ya bi ta jimla jimla. Maƙalar da ta sha wannan jima ba za ta yi kama da wadda aka tura ranar Litinin aka karɓa ranar Alhamis bayan an biya kuɗin bugu ba. Ko an goge sunan mujallar daga saman shafi, mai karatu zai gane.

Auwalu: Malama, shekara biyar ɗin daga yaushe ake ƙirgawa? Daga ranar kare kundi, ko ranar bikin yaye ɗalibai?

Dakta Nafisa: Nan mutane ke faɗawa rami. A jami'o'in Najeriya ranaku uku ne, kuma suna iya yin nisa da juna: ranar da aka kare kundi, ranar da majalisar jami'a ta amince da sakamako, da ranar bikin yayewa wanda yajin aiki kan iya jinkirta shi shekara biyu. Wadda ke kan takardar shaida ita ce hujjarka, galibi kuma ta amincewar majalisa ce. Kada ka ƙirga daga biki.

Rami na biyu shi ne ranar fitowar maƙalar kanta. Manyan mujallu suna sa maƙala a intanet tun kafin a ba ta kundi da lamba. Sai ka ga ta hau intanet a Nuwamba, amma fitowar da ke ɗauke da ita ta Afrilun shekara mai zuwa ce. Wace shekara ce tata? Kwamitoci sun bambanta. Mujallunmu na gida kuma matsalarsu ta juye: bangon yana cewa Disamba 2022, alhali sai tsakiyar 2024 aka fito da ita daga maɗaba'a. Idan aka bi bango, lokacin shiga ya wuce tun kafin marubucin ya riƙe kwafinsa. Maganin duka biyun ɗaya ne: a rubuta wa sakataren kyautar tun da wuri, a kawo ranakun biyu, a ajiye amsarsa. Haka wadda ta yi hutun haihuwa ko wanda ya yi doguwar jinya, ya tambaya a rubuce ko ana cire wannan lokaci daga ƙirgen.

Mushe Isufu: Barkanku da hira, daga Damagaram. A tsarinmu na nan abin ya fi sauƙi, ranar sutanas, wato ranar kare kundi, ita ce ranar dakta, tana kan takardar da alƙalan kundi suka sa wa hannu. Amma muna da tamu cutar. Ƙarin girma ta hannun CAMES yake bi, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, can Wagadugu, kuma ana duba yawan abin da mutum ya buga kafin ya hau matakin maître-assistant ko maître de conférences. Sai matashi ya ɗauki babi ɗaya na kundinsa ya yanka shi uku kamar tsire, kowane yanki shafi goma, ya raba wa mujallu uku. Dosiyensa ya cika, amma ba ɗaya cikin ukun da ke da nauyin da za ta tsaya gaban kwamitin kyauta.

Farfesa Garba: Mushe, cutar ba ta san iyaka ba, har nan ta iso. Kwamitin ƙarin girma yana ƙirga maƙalu, kwamitin kyauta yana auna guda ɗaya. Amma bari in tafi kan abin da na fi ganin yana kayar da mutanenmu, domin ba wurin bugu ba ne, ba kuma Faransancin ba.

Ɗauki kowace mujallar sashen Faransanci ta ƙasar nan, ka karanta take goma. Takwas za su kasance da siffa ɗaya: ra'in wane a kan littafin wane. Ra'in mata a littafin Mariama Bâ. Ra'in bayan mulkin mallaka a littafin Kourouma. Tsarin ma ɗaya ne: tarihin marubuci shafi biyu, taƙaita labari shafi uku, bayanin ra'i shafi uku, sannan a tsinto wurare biyar a littafin da suka yi daidai da ra'in, a rufe da cewa marubuciyar ta nuna ana zaluntar mata. To wa ya yi musu? Maƙalar da ba wanda zai iya yi mata musu ba ta ce komai ba. Ra'in ya shiga da ƙarfinsa ya fita da ƙarfinsa, littafin bai ƙara masa ba bai rage shi ba.

Wadda ke cin kyauta tana da jimla guda, yawanci kafin ƙarshen shafi na biyu, da ke cewa: an saba karanta abu kaza ta hanya kaza, ga abin da wannan karatu ya kasa gani, ga hujjata. Idan ba za ka iya faɗin wannan jimla da baki cikin numfashi biyu ba, maƙalar ba ta nuna ba, a mayar da ita wuta.

Auwalu: Ranka ya daɗe, da za a ba mu misali da abin da muka sani, da ya fi zama.

Mushe Isufu: Farfesa, a ba ni izini in ɗauki wannan, don a ƙofar gidanmu abin ya faru. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980. Labarin Lugu ne, wani gari a yankin Dogon Dutsi, a Afrilun 1899, lokacin da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Arewa ta Nijar tana ƙone garuruwa, kafin ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su kashe su a Yulin wannan shekara bayan an harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya dakatar da su. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987.

Maƙala mai rauni za ta ce: Sarraounia alama ce ta jarumtar macen Afirka. An faɗi wannan sau ɗari.

Ga inda Bahaushe ke da abin da wani ba shi da shi. Mai karatu a Paris yana ganin “Sarraounia” ya ɗauka sunan yanka ne. Kai ka san sarauniya ce, sarauta ce da ake gada, har yau akwai mai riƙe da ita a Lugu. Rubutun Faransanci ya ninka r, ya sa ou, ya ɗora babban baƙi, sai muƙami ya koma mutum guda, jaruma guda irin wadda labarin Turai ke so. Daga nan tambayoyi ke ɓullowa. Me ya ɓace lokacin da sarauta ta zama suna? Yaya Mamani ya yi da kalmar azna, wadda a bakin Musulmin Hausa take da nauyin raini, shi kuma ya juya ta ta zama abin alfahari? Ina ya bar kalmar Hausa tsirara cikin jimlar Faransanci, ina ya fassara, ina ya yi mata bayani, kuma wa yake yi wa bayanin? A jera waɗannan wurare da lambar shafi, a gwada da yadda rahotannin sojan Faransa suka ambaci Lugu a taƙaice, a gwada da abin da mutanen wurin ke faɗa da baki. Wannan maƙala ce da za a iya yi wa musu, kuma wanda bai ji Hausa ba ba zai iya rubuta ta ba.

Dakta Nafisa: Da sharaɗi ɗaya, Mushe. Kafin Auwalu ya ɗauki alƙalami ya karanta abin da Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho suka rubuta a kan Sarraounia, domin su biyun sun yi aiki a kan tazarar da ke tsakanin tarihi, adabi da maganar baka. Mai tantancewa na farko da edita zai nema, wanda ya san waɗannan ayyuka ne. Idan ya duba manazarta bai gan su ba, ba zai kai shafi na biyar ba. Ba a cewa “ba wanda ya taɓa nazarin wannan” sai an tabbata, kuma kusan kullum ba gaskiya ba ne. Abin da ake cewa shi ne: wance ta kai nan, ni daga nan zan ɗora, ko a nan na saba da ita.

Malam Kabiru: To ga inda nake. Ku ce a karanta wance da wance. Da wane kuɗi? Maƙala ɗaya a bayan katangar biya ta fi kuɗin cefanen mako. Takardun mulkin mallaka kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Wanda ke Oxford jirgin ƙasa zai hau. Mu sai biza, sai canjin Yuro.

Mushe Isufu: Ba duka ke Aix ba, Malam. Takardun gwamnatin AOF, wato Afirka ta Yamma ƙarƙashin mulkin Faransa, a Dakar aka bar su, abin da ke Aix na wannan kaso hoton mikrofim ne. Rahotannin lokaci-lokaci na yankuna suna ƙarƙashin rukunin takardu mai lamba 2G. Yamai ma tana da taskar takardun ƙasa, da rahotannin da kwamandojin sarkal, wato gundumomin mulkin mallaka, suka rubuta. Abin da aka buga kuwa, jaridun Paris na 1899 da suka yi ta cece-kuce kan Voulet da Chanoine, da littattafan hafsoshi, da yawa suna Gallica, rumbun intanet na babban laburaren Faransa, kyauta. Persée kyauta ce, tsofaffin fitowar Cahiers d'études africaines da Journal des africanistes suna ciki. OpenEdition ma mafi yawanta a buɗe take. HAL kuma nan masu bincike na Faransa ke ajiye kwafin maƙalunsu.

Dabara ɗaya ga mai bincike a Gallica: kada ka rubuta sunan wuri yadda muke rubuta shi. Nemi Haoussa, Zinder, Tessaoua, Lougou, Dogondoutchi, Birni N'Konni, serki. Ka gwada kowanne da rubutu biyu ko uku, don hafsoshin ba su daidaita ba, na'urar da ta karanta tsohon bugun ma tana cin baƙaƙe. Abin da ka samu, buɗe hoton shafin ka kwafa da idonka. Kada ka kwafo rubutun da na'ura ta fitar, é takan koma c, rn ta koma m, ka sa kuskure a bakin wanda ya mutu shekara ɗari.

Dakta Nafisa: Wadda ke bayan katanga kuma, a rubuta wa mai ita. Layi uku: ga ni, ga abin da nake aiki a kai, ina neman kwafin maƙalarki kaza. Mafi yawa suna turowa, don kowa na son a karanta shi. A kuma tambayi ma'aikacin laburaren jami'a ko suna da rajistar JSTOR ko Research4Life, sau da yawa akwai, kalmar sirrin ce ke kwance a aljihun tebur ba wanda ya nema.

Malam Kabiru: Na karɓi wannan. Amma har yanzu ban ga amsar tambayar asali ba. Maƙala a kan sarautar Lugu da kalmar azna, alƙalin da ya ƙare rayuwarsa a kan Proust da Mallarmé zai ɗauke ta a matsayin nazarin Faransanci? Ko zai ce a kai ta nazarin Afirka?

Farfesa Garba: Tambaya ce mai kyau, kuma da a 1970 ka yi ta da na ce ka yi gaskiya. Fagen ya faɗaɗa. Sanarwar kyautar da kanta fagen a faɗaɗe take nufi, kuma adabin ƙasashe masu amfani da Faransanci, fim, tarihin tunani, nazarin mulkin mallaka, duk sun daɗe da shiga. Littafin Mamani da Faransanci aka rubuta shi, a Paris aka buga shi. Ba wanda zai ce ba na fagen ba ne.

Inda gaskiyarka take shi ne nan: nauyin jawo mai karatu yana kanka. Alƙalin bai san Dogon Dutsi ba. Idan ka buɗe da shafi huɗu na tarihin Arewa da Gobir, ka rasa shi. Buɗe da abin da ya dame shi shi ma: me ke faruwa da kalma idan ta ƙetara daga wani harshe zuwa Faransanci, wa ke da ikon sa wa abu suna a rubutun mulkin mallaka. Wannan tambayar mai nazarin Proust ma ya san zafinta. Sannan ka kawo Lugu a matsayin wurin da amsar da aka saba bayarwa ta karye. Tarihin da yake buƙata ka ba shi cikin sakin layi ɗaya, sauran ka sauke a bayanan ƙasan shafi.

Hajiya Bilki: Ina bin ku tun ɗazu. Bari in sa baki ta ɓangaren gyaran rubutu, don nan ake zubar da maki a banza.

Da farko zaɓi harshen da ka fi iya jayayya da shi, ba wanda ka fi ƙauna ba. Malaman Najeriya da yawa suna tilasta wa kansu Faransanci don sashen Faransanci suke, sai jimlolin su fito da ƙashin Ingilishi a ciki. Kyautar ta yarda da duka biyun. Idan da Ingilishi ka rubuta, nassin da ka ɗauko ya zauna da Faransancinsa.

Kowace mujalla da salonta, kuma a bi shi tun kafin a tura. French Studies salon MHRA take bi: bayanai a ƙasan shafi, alamar zance guda ɗaya. Mujallun Faransa kuwa « » suke so, da tazara kafin alamar tambaya, alamar motsin rai, ruwa biyu da waƙafi mai ruwa. Tazarar nan wadda ba ta karyewa ce, in ba haka ba sai ka ga alamar tambaya ta sauka ita kaɗai a farkon sabon layi. Yawan kalmomi yana cikin ƙa'idojin mujallar, galibi tsakanin 6000 da 9000, kuma a duba ko da bayanan ƙasa ake ƙirgawa. Wanda ya tura 12000 inda aka ce 8000, edita zai mayar masa ba tare da ya kai wa kowa ba.

Nassin Hausa kuma a kawo shi da Hausarsa, fassara ta biyo, a faɗi wanda ya fassara. Idan hira ce, a sa wuri da wata da shekara, da yardar mai maganar. Sannan idan gwajin bugu ya zo, kwana biyu ko uku kawai akan bayar, a bi kowace ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya. Injin maɗaba'a yakan mayar da su k da d da b, ko ya bar ɗan akwati a gurbinsu. Ka gina hujjarka a kan bambancin ƙasa da kasa, a buga maka su iri ɗaya, ka ga hujja ta rushe. Bayan an buga ba gyara, kuma wannan bugun ne zai je gaban alƙalai.

Auwalu: Hajiya, idan babin kundina ne fa, kuma kundin yana rumbun intanet na jami'a? Ba za a ce na saci aikin kaina ba?

Hajiya Bilki: Mayar da babi maƙala abu ne da aka saba, a dai sanar da edita a wasiƙar da ta raka ta. Amma babi ba maƙala ba ne, ƙanena. Babi yana jingine da na gabansa da na bayansa. A cire bitar ayyukan da suka gabata mai shafi goma, a bar ayyuka biyar ko shida da kake jayayya da su da gaske. A cire “kamar yadda muka gani a babi na biyu”. A sake rubuta gabatarwa daga farko. Kuma kafin turawa a goge sunanka daga ko'ina, har cikin bayanan fayil ɗin Word, inda sunan mai kwamfuta ke ɓuya. Mujalla ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya tura wa biyu aka gane, duka biyun za su rufe masa ƙofa, editoci kuwa sun san juna.

Dakta Nafisa: A lissafa lokaci kuma. Wata 3 zuwa 6 kafin rahoton masu tantancewa ya zo, wata 2 ko 3 na gyara, wataƙila zagaye na biyu, sannan layin jiran bugu. Shekara biyu daga turawa zuwa fitowa ba abin mamaki ba ne. Wanda ke da shekara 5, ya kamata maƙalar da yake sa wa rai ta bar hannunsa kafin ƙarshen shekara ta biyu. Idan ta ɗaya ta ƙi, akwai sauran lokacin gwada ta biyu.

Amsar “a gyara a sake turowa” kuma ba kora ba ce, da yawa suna fushi su watsar. A yi jadawali: ga abin da mai tantancewa ya ce, ga abin da na yi, ga shafin. Inda ba ka yarda ba, faɗi dalili cikin ladabi. Idan ya yi kuskure a kan Hausa, wanda yakan faru, kawo masa ƙamus, Bargery ko Abraham ko Newman, da lambar shafi.

Malam Kabiru: To ni tawa shawarar daban ce. Maimakon mu yi ta leƙen katangar wasu, me ya hana mujallunmu su kafa tasu? ANEUF, ƙungiyar malaman Faransanci na jami'o'in Najeriya, tana da mujallar RANEUF, tana da taron shekara. Ga ƙauyen Faransanci na Badagry. Ga jami'o'in Nijar, inda tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, abin da shi kansa ya isa a rubuta maƙala goma a kai. Kyauta ɗaya a shekara ga maƙalar da ta fi kyau a mujalla, ko ba kuɗi mai yawa.

Farfesa Garba: Yanzu ka zo, Malam Kabiru. Kuɗin ne ma mafi sauƙi. Abin da ke kashe irin wannan kyauta a shekara ta uku shi ne a ga ɗalibin shugaban kwamiti ya ci, shekara mai zuwa ɗalibin mataimakinsa. Daga nan ba mai sake ɗaukarta da daraja. Idan za a yi, a rubuta ƙa'ida kafin a san waɗanda za su shiga. Alƙalai uku ko biyar, kada su zama adadin da zai rabu biyu daidai, daga jami'o'i daban-daban, ɗaya daga wajen ƙasar. Wa'adin shekara 3, ana sauya mutum ɗaya kowace shekara don kada kwamiti ya tafi gaba ɗaya da abin da ya koya. Wanda ya duba kundin ɗan takara, ko suke sashe ɗaya, ko suka yi rubutu tare, ya fita daga ɗakin lokacin da ake maganar wannan maƙala. Kowane alƙali ya jera nasa biyar shi kaɗai ya tura wa sakatare kafin a zauna, don in an fara da zama, bakin babba ne zai rinjaya. A buga dalilin zaɓen cikin sakin layi ɗaya a fitowa ta gaba. Kuma a rubuta cewa kwamiti na da ikon cewa bana ba wadda ta kai.

Hajiya Bilki: A ƙara: maƙalar da ta ci a buɗe ta kyauta a intanet, da lambar DOI, wato lambar dindindin da ake nemo maƙala da ita a intanet, a kuma biya kuɗin fassara ta zuwa ɗaya harshen. Wannan ya fi wa matashi amfani a kan allon katako da za a rataye a ofis.

Mushe Isufu: Na yarda da duka sai abu ɗaya. Farfesa bai ambaci edita ba. Ni ina ganin dole ya zauna cikin alƙalai, shi ya san kowace maƙala tun tana ɗanya, ya san wadda marubucinta ya yi aikin da wadda masu tantancewa suka ɗauke ta a kafaɗa.

Dakta Nafisa: Dalilin da ya sa bai kamata ya zauna ba ke nan, Mushe. Abin da aka buga ake aunawa, ba tarihinsa ba. Edita ya riga ya yi hukunci sau ɗaya da ya karɓe ta, kuma ya san sunan kowa. Ya tattara maƙalun da suka cika sharaɗi, ya tabbatar da ranakun digiri, ya miƙa wa kwamiti, ya koma gefe.

Mushe Isufu: A mujallar da ke fitar da maƙala 40 a shekara, wa zai tace su zuwa goma in ba edita ba? Alƙalai uku masu koyar da aji huɗu huɗu ba za su karanta 40 ba.

Farfesa Garba: Sharaɗin shekara 5 zai zubar da fiye da rabi kafin kowa ya karanta komai. Sauran a raba, kowace maƙala mutum biyu su karanta a zagayen farko, biyar ɗin ƙarshe kowa ya karanta. Malam Kabiru, tunda kai ka kawo shawarar, rubuto daftarin ƙa'idar, kada ya wuce shafi biyu. Batun edita a sa shi a matsayin zaɓi biyu, na Mushe da na Dakta, taro ya yanke.

Malam Kabiru: To, ranka ya daɗe. Hajiya, zan turo miki ki duba Faransancin kafin ya je wurin Farfesa.

Hajiya Bilki: Turo shi a Word, ba hoton shafi ba.